Kafin Wani Ya Raɗa Wa Dutsen Habude Suna

Tun da na komo daga ƙasar Maroko a ƙarshen dogon hutun 2024, abokan karatuna ba su bar ni na sha ruwa ba. Duk wanda ya ci karo da ni, ko a ƙofar ɗakin lacca ko a teburin mai shayi, maganarsa ɗaya ce: "Malam, ciro wayar nan mu ga garin fim." Ba wanda ya taɓa tambayata yadda birnin Fas yake, ko masallacin Alƙarawiyyin da aka kafa tun shekarar 859, wanda ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren karatu na duniya. Garin fim kawai. Ni kuwa da yake yabo yana da daɗi, sai in ciro waya in yi ta nunawa ina hura hanci, sai ka ce ni na gina garin. Ban farga ba sai da wata tsohuwa a Birnin Kudu ta yi mini tambaya guda ɗaya, na rasa amsa. Kunyar da na ji ran nan ita ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ina shaida wa mai karatu tun da wuri cewa ban zo lallashin kowa ba, har da kaina.

Ga yadda tafiyar ta kasance. Kawuna ne ya yi niyyar ziyara zuwa Fas, ya ce in zo in riƙe masa jaka, in kuma yi masa tafinta da ɗan guntun Larabcin da nake taƙama da shi. Larabcin nan bai tsinana mana komai ba, don na kasuwar Maroko daban yake da na littafi, amma wannan wani zance ne. Da aka gama ziyara muka gangaro Marakish, shi ya shiga kasuwa neman jallabiyoyi da takalma, ni kuma na roƙi arzikin yini guda. Na shiga wata ƙaramar bas ta masu yawon buɗe ido, muka hau tsaunukan Atlas, muka bi ta wata mashiga da ake kira Tizi-n-Tishka wadda tsayinta ya haura mita 2,200, hanya tana murɗewa kamar maciji ya ji wuta, har kaina ya fara juyawa. Bayan wajen awa huɗu muka iso wani tsohon gari a gefen tudu, a bakin wani rafi, sunansa Ait Bin Haddu, kimanin kilomita 30 kafin a kai birnin Warzazat.

Da na sauko daga mota na ɗaga kai, sai jikina ya yi sanyi. Ginin ƙasa ne, ja wur, gida bisa gida har zuwa ƙololuwar tudun. A kusurwoyin soraye ga wasu 'yan ƙahonni kamar zankwayenmu. Ga ƙananan tagogi, ga lunguna masu ƙunci da inuwa, ga rufi na itace da kara da ƙasa, ɗan'uwan rufin azara, can sama kuma ga kangon rumbun da mutanen gari suke tara hatsinsu a da. Na ce a raina, ashe duk wahalar nan da na sha, na zo ne in kalli irin gidajen da muke rushewa a gida muna kafa bulo da kwano. Hukumar UNESCO ta sa wannan gari cikin jerin wuraren tarihi na duniya tun 1987. Yawancin mutanensa sun ƙaura sabon gari a ƙetaren rafi, gidaje kaɗan ne suka rage da mutane a ciki.

Amma abokan tafiyata ba wannan ne ya kawo su ba. Mutanen Sin ne, da na Sifen, da wasu Amurkawa mata biyu da bakinsu ba ya hutawa. Jagoranmu, wani saurayi ɗan garin mai shuɗin rawani, yana riƙe da wani kundi na hotuna. Duk inda muka tsaya sai ya buɗe ya ce nan aka ɗauki kaza. A nan aka ɗauki wani sashe na Lawrence of Arabia na 1962. A gindin tudun nan aka kafa filin dagar da ke cikin Gladiator na 2000. Kowa ya kaɗa kai. Da ya ambaci Yunkai kuwa, sai wuri ya kaure da sowa, kowa ya ɗaga waya.

Ga wanda bai sani ba, akwai wani dogon wasan talabijin na Amurka mai suna Game of Thrones, da aka nuna daga 2011 zuwa 2019, labarin gidajen sarauta masu kashe juna kan gadon mulki, da matattu masu tafiya, da dodanni masu fukafukai da ke aman wuta. A kashi na uku, wanda ya fito a 2013, an mayar da Ait Bin Haddu wani birnin masu cinikin bayi wai shi Yunkai. Wata sarauniya Baturiya mai farin gashi ta zo da dodanninta da rundunarta ta ci garin, bayi suka fito ta ƙofa tururuwa guda, suka ɗaga ta sama a kan hannuwansu suna kiranta uwa. To, wannan wuri shi mutane suka ƙetaro tekuna su gani. Ɗaya daga cikin matan nan ta hau wani dutse ta buɗe hannuwa, ƙawarta tana ɗaukarta hoto. Kada in ɓoye muku, ni ma na hau.

Muna saukowa na matsa kusa da jagoran na tambaye shi, kafin 'yan fim su zo, me garin nan yake? Ya ba ni amsa cikin jimla biyu, ya ce zango ne na ayarin fatake masu ƙetare Sahara, sa'an nan ya juya ya ci gaba da nuna hotuna. Jimla biyu! Alhali kuwa wannan shi ne labarin da ya shafe ni. Ayarin da ke tasowa daga ƙasashen baƙar fata ya nufi Marakish a irin waɗannan garuruwa yake yada zango, da zinariya da hauren giwa da fatu, da kuma bayi, bayi na gaske masu jini da tsoka, waɗanda ba wata sarauniya da ta zo da dodo ta cece su. An ɗauki garin da ƙafafun bayin gaskiya suka taka, an ɗora masa labarin bayin ƙarya, kuma na ƙaryar shi ya ci kasuwa. Ban ga laifin saurayin ba. Abin da masu biya suke so shi yake sayarwa, kuma da shi yake ci da iyayensa. Mutanen yankin da yawa suna samun na cefane daga fitowa a cikin cincirindon jama'a idan ana ɗaukar fim, wasu daga sayar da darduma da zane-zane. Sai dai kuma ba a ba su kuɗin nan a banza ba: da sunan garinsu suka biya.

Wannan ba sabon abu ne gare mu ba. Jar fatar akuya da majeman Kano da Sakkwato suka jeme, ayari ya ƙetare hamada da ita, da ta isa hannun Turawa sai suka kira ta fatar Maroko, suka rufe manyan littattafansu da ita. Mu muka yi kiwo, mu muka yi jima, wani ya tafi da suna. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Da yamma aka wuce da mu Warzazat, wani makeken filin shirya finafinai da ake kira Atlas, wanda aka kafa a 1983. Na biya kuɗin shiga da zai ishe ni cin abinci na kwanaki a makaranta. Ga fadar Fir'auna da manyan ginshiƙai da gumaka, ga gidan ibadar mutanen Tibet, ga wani lungu wai na tsohon birnin Ƙudus. Na ƙwanƙwasa wani ginshiƙi da ɗan yatsa, sai na ji ya amsa kamar fankon ashana. Na leƙa bayansa, katako ne da ƙusoshi da filasta, iska ma tana neman ta da shi. Duk da haka na tsaya a gabansa na gyara hula aka ɗauke ni hoto.

Sai da aka yi hutun ƙarshen zango na samu zuwa gida Birnin Kudu. Na je gaishe da kakata, wadda ta haifi mahaifina, na zauna a bakin tabarmarta na shiga nuna mata hotuna. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da idonta, ta duba, ta ce, "Maigida, wannan ai kangon gari ne. Kuɗi ka ba su ka ga wannan?" Na ce ƙwarai kuwa, Turawa ma daga bangon duniya suke zuwa. Ta yi dariya har da tafa hannu. Can sai ta ce, "To, kai da kake son kallon tsofaffin abubuwa, yaushe rabonka da Dutsen Habude?"

Na yi shiru. Rabona da wurin tun ina aji shida na firamare, ran da malaminmu ya kai mu, mu kuwa ba abin da ya dame mu sai guje-guje da hawan dutse. Daga ƙofar gidanmu zuwa can bai kai kuɗin ɗan acaɓa na kirki ba.

Ta ce a zamaninsu, idan bikin yarinya ya matso, ƙawayenta sukan raka ta wurin duwatsun nan, su yini suna buga dutse yana amsawa, suna waƙa. Ta ce kowane dutse da muryarsa, kuma manyansu sun san wanda ake fara bugawa. Na tambaye ta waƙoƙin, ta tuno guda biyu, ta uku ta kakare a tsakiya. Ta ce wadda ta fi kowa riƙe su ta rasu shekaru uku da suka wuce. Shekaru uku! Ina nan ina haddace ra'ayoyin masana a kan ma'anar adabin baka don in ci jarrabawa, adabin baka yana mutuwa a unguwarmu.

Kashegari na ɗauki ƙanena muka tafi. Ina roƙon duk wanda bai taɓa zuwa ba ya saurara. A kewayen Birnin Kudu akwai duwatsu irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, waɗanda a ƙarƙashin rumfunansu mutanen da suka zana hotuna da jan launi, yawanci na shanu. In ka ƙura ido za ka lura da wani abu: akwai shanu a ciki marasa tozo, wasu da dogayen ƙahonni. Je ka kasuwar shanu ta Wudil ka duba, ko ka tsaya a bakin hanya ka kalli garken Fulani. Bunaji ne da Rahaji da Bokoloji, duk masu tozo. Marasa tozo sai ka gangara kudu ka ga Muturu, ko ka je tafkin Chadi ka ga Kuri. Ashe wanda ya yi zanen nan ya rayu a wata ƙasar Kudu da ba irin tamu ba, tun kafin shanu masu tozo su cika ƙasar nan, ya kalli dukiyarsa, ya so ta har ya dama launi ya ajiye kamanninta a jikin dutse. Kusa da zanen ga duwatsu masu amo. In ka ɗauki ɗan dutse ka buga, sai ka ji sauti kamar na kuge. Wuraren da ake bugawa sun lotsa sun yi sulɓi, kuma kowa ya san yawan hannuwan da za su bugi dutse kafin ya lotsa.

Na ƙwanƙwasa ginshiƙin Fir'auna a Warzazat ya amsa mini da muryar kwali. Na bugi wannan ya amsa da muryar da kakata ta ji tana budurwa. Mu biyu ne kawai a wurin, sai wasu awaki. A jikin wani dutse can gefe kuwa ga sunaye birjik da gawayi da fenti, wane ya zo nan, wance tana son wane. Ban tsaya karantawa ba, don na tuna ran da aka kawo mu ni ma na rubuta nawa.

A littattafai za ku ga an ce wani Bature, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ya gano waɗannan zane-zane a shekarun 1950. Ya gabatar da takarda a kansu a babban taron masana tarihin dauri na Afirka da aka yi a Livingstone, cikin ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, a 1955, kuma daga nan masana a wasu ƙasashe suka shiga neman irin waɗannan duwatsu masu amo. Ya yi aiki, Allah ya sani, kuma dalilin irin aikinsa ne aka sa wuraren cikin kayan tarihi na ƙasa. Amma kalmar nan "gano" tana ba ni dariya. Ta yaya za a gano abin da 'yan mata suke zuwa yi wa kiɗa? Abin da ya yi shi ne ya rubuta. Mu ba mu rubuta ba, shi ya sa sunansa ne a littafi, ba sunan tsohuwar da ta rasu da waƙoƙi a cikinta ba. Fatar Maroko ke nan an sake.

To, yanzu bari in juyo kan waɗanda na zo yi da su.

Na farko su ne masu yi mana dariya, mu ɗaliban Hausa. Kowannenmu ya sha jin tambayar nan a gidan biki ko a mota: "Hausa kuma? Duk Hausar da kake ji ba ta ishe ka ba? Me za ka ci da ita?" Waɗannan mutane su ne kuma za ka ga sun kwana suna kallon The Lord of the Rings. Ina so su san wanda ya rubuta labarin. Sunansa J. R. R. Tolkien, malamin tsohon Ingilishi ne a Jami'ar Oxford, wato mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tonon matattun kalmomi da tsofaffin waƙoƙi da tatsuniyoyin kakanninsa, irin aikin da ake yi mana gori a kansa. Daga cikin wannan tono ya fito da dodanninsa da wadanninsa. Littafinsa The Hobbit ya fito a 1937, shekarar da littafin farko na Magana Jari Ce ya fito a Zariya. Babban littafin nasa kuwa ya fito a 1954 da 1955, daidai lokacin da Fagg yake leƙen rumfunan duwatsun Birnin Kudu. A 1998 masu shirin mayar da labarin fim suka hango wata gonar tumaki kusa da garin Matamata a ƙasar Niyu Zilan, suka haƙa 'yan ramuka a jikin tudu suka sa musu zagayayyun ƙofofi. Yau dubun dubatar mutane ne suke biyan kuɗin jirgi zuwa ƙarshen duniya don su ga ƙofofin nan, waɗanda yawancinsu in ka buɗe ba ɗaki a bayansu. Gonar tumaki ce fa, irinta ta fi dubu a ƙasar. Abin da ya raba ta da sauran shi ne wani malamin harshe ya zauna ya yi aikinsa. Mai tambayar me za a ci da Hausa, ga amsarsa nan, in yana da kunnen ji.

Amma kada mu ɗaliban Hausa mu yi saurin tafi, don a nan gizo yake saƙa. Wanne daga cikinmu yake yin wannan aiki? Ku shiga ɗakin ajiye kundayen digiri ku duba. Jigo da salo a waƙoƙin wane, jigo da salo a littafin wance, a sauya sunan mawaƙi a bar sauran yadda yake, a buga, a ɗaure da baƙar bango, ƙura ta ci. Mutum zai rubuta babi guda cur a kan ma'anar tatsuniya, ya jero abin da masana goma suka ce, bai taɓa zama gaban tsohuwa ya ɗauki tatsuniya ɗaya daga bakinta ba. Ina faɗin haka ne da sanin cewa kan maganar da na fara kai wa malamina irin wannan ne, don ya fi sauƙi, ba ya bukatar kuɗin mota.

Na biyu su ne masu shirya finafinanmu. Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau an yi finafinan Hausa da ba su ƙirguwa. Nawa ne daga ciki suka fita daga falo mai labule da kujerun aro? In an fita, sai lambun otal ko bakin dam, a sa saurayi da budurwa su yi ta zagaya bishiya kamar yadda aka gani a na Indiya. Za a ce mini ba kuɗi. Na yarda kuɗi yana da wuya. Amma dutse ba ya karɓar kuɗin haya, kuma hasken rana a Gwaram kyauta ne. Za a ce ba labari. Wannan kam ƙarya ce. Mutanen da suke da Gizo da Ƙoƙi da Dodo da Ɓotorami, waɗanda aka rubuta musu Ruwan Bagaja da Ganɗoki tun 1934, da Iliya Ɗan Maiƙarfi, da Tauraruwa Mai Wutsiya, ba su da bakin cewa sun rasa labarin aljanu da jarumai. An ma taɓa gwadawa an ga amfani: iyayenmu har yau suna tuna Magana Jari Ce da gidan talabijin na Kaduna ya nuna da su marigayi Ƙasimu Yero, kuma fim ɗin Daskin Da Riɗi daga tatsuniya aka ɗauko shi. An taɓa, aka saki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta mana labarin yaron da aka sace aka ƙetare hamada da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu bauta. Wato labarin da jagoran Ait Bin Haddu ya taƙaita mini cikin jimla biyu, mu muna da shi cikakke, daga bakin waɗanda abin ya faɗa wa. Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Ina fim ɗin ya shiga? Ya ɓace shekara da shekaru, sai a 2016 aka tsinto faifansa a ma'ajiyar finafinai, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Jamusawa sun zauna sun kalla. A ajinmu na tambaya, ba wanda ya taɓa gani, ni ma haka. Amma kusan kowa ya san sunan sarauniya mai dodanni.

Akwai masu cewa ai da an bari an gina ƙauyen fim ɗin nan da gwamnatin tarayya ta yi niyyar kafawa a Ƙofa ta ƙasar Bebeji a 2016, wanda aka fasa bayan malamai da jama'a da dama sun nuna ƙin amincewa, da yanzu mun wuce nan. Ban zo in ta da tsohuwar rigima ba. Tambayata ɗaya ce: da an gina, me za a ɗauka a ciki? In dai falon nan ne da zagayen bishiya, to an dai sauya musu wuri ne kawai.

Na uku, kuma su na fi jin tsoro domin suna zaton alheri suke nufi, su ne masu cewa a tallata duwatsunmu ga Turawa su zo su yi fim, garinmu ya yi suna kamar na Maroko. Ni na je na gani, gani kuwa ya kori ji. Ranar da wani kamfani zai zo da motoci arba'in ya kafa tantuna a gindin Dutsen Mesa, zai zo ne da labarinsa a aljihu. Zai ɗauki samarinmu aikin yini, a shafa musu toka, a ba su māsu, su zama mayaƙan wani mugun sarki da jarumin fim zai karkashe. Zai raɗa wa dutsen wani suna mai daɗin faɗa a bakin Ingilishi. Bayan shekara goma jikan kakata zai tsaya a wurin da kundin hotuna a hannu yana kiran dutsen da wannan suna, in wani baƙo ya tambaye shi shanun da ke zane, ya ba shi amsa cikin jimla biyu. Ba na ƙin baƙo, kuma ba na ƙin kuɗin baƙo, garinmu yana bukatarsu. Amma baƙo ya tarar da mai gida a zaune, da labarinsa a rubuce, da waƙarsa a ɗauke, da yaran gari da suka san abin da za su faɗa. Mutanen Ait Bin Haddu ko ba komai suna da gari a tsaye da duniya ta san darajarsa kafin dodanni su sauka, duk da haka ga yadda ta kaya. Ina ga mu?

Wani abokina a ɗakin kwana ya ce mini duk wannan surutu a kan kufan maguzawa nake yi, gara a bar su su shafe. Na ce masa adana abu daban, bauta masa daban, ba wanda ya ce a kai wa dutse hura. Mutanen Maroko Musulmi ne, Malikawa irinmu. Ƙasar Saudiyya da kanta ta nemi a sa zane-zanen duwatsun yankin Ha'il cikin jerin UNESCO, aka sa a 2015, kuma raƙuma da mutane da namun daji ne a zane. Bai sake magana ba, ko da yake ban ce ya yarda ba.

Lokaci kuwa ba ya jiranmu. Mahaifiyata 'yar ƙasar Gwaram ce, saboda haka na san hanyar nan tun ina goye. Duk wanda ya bi ta zuwa Fagam ko Farin Dutse ko Basirka ya san ƙasa ce ta duwatsu, kuma in ka tambayi dattijan ƙauye za ka tarar da wuya a sami babban dutse marar suna, suna kuma ba ya rasa dalili: nan aka ɓuya lokacin hari, nan wata rijiya take da ba ta ƙafewa, nan aka hana yara zuwa da tsakar rana. Yanzu ku lura da abin da ake gani a bakin hanyoyinmu. Mutane sun hura wuta a kan dutse, sun bi shi da guduma, mata da yara suna farfasa tsakuwa, tifa tana jira. Ba zan zage su ba, yunwa ce, kuma gidajen bulon da muke taƙama da su da wannan tsakuwa ake zuba su. Sai dai guduma ba ta tambayar sunan dutse kafin ta sauka, kuma dattijon da ya san sunan shi ma ba dawwama zai yi ba. Jihar Jigawa an ƙirƙiro ta tun 1991, 'ya'yanta masu digirin Hausa da na tarihi sun cika ofisoshi da makarantu. In kowannenmu ya rubuta labarin dutse guda na garinsu, da yanzu muna da abin da za a ɗora fim ɗari a kai.

Ni dai na janye kan maganar da na kai wa malamina, na kai masa wani. Na zauna da kakata yini uku da wayar nan da na cika da hotunan kwali, na ɗauki waƙoƙi biyu da rabi, da sunayen ƙawayenta huɗu da take zaton suna raye, ɗaya an ce tana aure a wajen Sara. A taron ƙungiya mai zuwa zan kawo shawara cewa kuɗin da muke kashewa wajen hayar kujeru da lemo a bikin Makon Hausa a rage rabi, a ɗauki hayar bas guda zuwa Birnin Kudu da Gwaram, kowa da littafin rubutu da abin ɗaukar magana, a rarrabu unguwa-unguwa, abin da aka samo a buga shi a wannan mujalla da sunan wanda ya faɗa, ba da sunan wanda ya ɗauko kaɗai ba. Na san za a ce ba kuɗi, na kuma san waɗanda za su faɗa, don na ga irin takalman da suke sawa. Wanda bai yarda da ni ba ga fili, Malam Edita ba zai hana shi shafi ba, amma ya fara zuwa ya bugi dutsen tukuna.

Kakata ta ce in za a zo a zo mata da goro fari, kuma a zo da hantsi, don bayan azahar barci take yi.